Ajiyar da na ba agogo mai ƙirga baya

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Babi na uku na kundin bincikena ya yi wata biyu a wuri ɗaya. Kullum ina zama gabansa, kullum ina tashi a gajiye, amma shafukan ba sa ƙaruwa. Jiya da dare na yi wa kaina lissafin gaskiya: awa biyar ina kan kujera, abin da na rubuta bai cika sakin layi uku ba. Sauran lokacin ya tafi wajen duba saƙo, jera fayiloli, da sake karanta abin da na riga na karanta. Ga baya ya fara ciwo saboda zama, ga haki da zarar na hau bene.

Shi ya sa yau na fara wani gwaji, kuma a nan zan riƙa rubuta yadda yake tafiya. Kayan aikin guda ɗaya ne, shafin intanet mai agogon da ke ƙirga baya. Ka rubuta masa minti, ka danna, lambobi su yi ta raguwa har sifili, sai ƙararrawa ta kaɗa. Ba rajista, ba saukar da manhaja. Na fifita shi a kan agogon cikin waya ne saboda duk ranar da na ɗauki waya da niyyar saita lokaci, sai in tsinci kaina cikin hirar wani zaure. Yanzu wayar tana cikin durowa, agogon kuma yana kan kwamfutar da nake aiki da ita.

Tsarin da na ara na Francesco Cirillo ne, ɗan Italiya da ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibin jami'a. Da agogon kicin mai siffar tumatir ya fara, daga nan tsarin ya samo sunan Pomodoro, wato tumatir da Italiyanci. Minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zango huɗu a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Ƙa'idarsa mafi tsauri ita ce zango ba ya rabuwa. In ka katse shi ya ɓaci, sai ka faro daga farko.

Zango uku na yi yau. Biyu sun cika, ɗaya ya ɓaci a minti na 14.

Laraba, 3 ga Satumba

Abin da ban zata ba shi ne na koma mai gadin agogo. Yana buɗe a shafi ɗaya, rubutuna a wani, amma ba na yin minti uku hannuna bai koma ya leƙa saura nawa ba. Na ajiye takarda a gefe ina jan layi duk leƙe ɗaya. A zangon farko na safe, layi tara na ja. Kuma na lura leƙen ba ya zuwa haka kawai. Daidai inda jimla ta yi wuya yake zuwa. Da zarar na rasa kalmar da zan ɗora, sai zuciya ta ce bari mu ga lokaci.

Wannan ya dame ni, domin amfanin agogon ke nan ya salwanta. Na kawo shi ne don in ba shi ajiyar lokaci, ya riƙe min tambayar yaushe zan tashi, ni kuma in saki jiki da aikin. In dai sai na yi ta leƙa ajiyar, to har yanzu tana hannuna.

Shawarar Cirillo game da sha'awar da ke taso wa mutum tsakiyar zango ita ce kada ya bi ta, ya rubuta ta kawai ya ci gaba. Na gwada. Zuwa yamma takardar ta tara abu goma sha biyu: duba ko an amsa saƙona, nemo shekarar da wata maƙala ta fito, goge ƙurar allo, yanke farce, da makamantansu. A lokacin da kowanne ya taso, ji nake in ban yi shi nan take ba wani abu zai lalace. Da na karanta su da daddare, biyu ne kawai suka cancanci a yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Yau na shigo da motsa jiki. Na ɗauki tsarin da aka fi sani da atisayen minti bakwai, wanda Brett Klika da Chris Jordan suka wallafa a 2013 a wata mujallar ƙungiyar masana lafiyar wasanni ta Amurka. Motsi 12 ne, kowanne sakan 30, da hutun sakan 10 a tsakani, kuma ba ka buƙatar komai sai bango da kujera da nauyin jikinka. Da na shigar da lambobin, agogo ya nuna min minti 7 da sakan 50. Haka lissafin yake: sakan 360 na aiki, 110 na hutu. Su kansu masu tsarin sun ce a maimaita zagayen sau biyu ko uku, abin da ba kasafai ake faɗa ba idan ana yabon gajartarsa.

A nan dole waya ta fito daga durowa, don ba zan kwanta a ƙasa ina ɗaga kai ina kallon kwamfuta ba. Na buɗe shafin, sannan na sa wayar a yanayin jirgin sama. Agogon bai tsaya ba, domin da zarar shafin ya buɗe, a cikin wayar ake yin ƙirgar, ba a can wani wuri ba. Na jingina ta da ƙafar tebur.

Matsala ta zo a motsi na biyu, zaman bango, inda kake jingina bayanka da bango ka lanƙwasa gwiwa kamar mai zaune a kujerar da babu. Fuskar wayar ta yi duhu ta kulle kanta, shafin ya daskare, ni kuwa ina nan cinyoyi na rawa ina jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Na gyara saitin kashe allo zuwa minti 10 na sake farawa.

Akwai gwajin da na yi wanda ba zan manta ba. A motsin tokare jiki da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, a miƙe kamar katako, na kau da kai daga wayar na ƙirga talatin a zuciyata. Da na kai talatin na duba, saura sakan tara. Ashe in jiki ya ji wuya, baki sauri yake yi. Duk shekarun da nake cewa na yi sakan 30, Allah kaɗai ya san nawa nake yi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau ne karo na farko da na shiga aiki ban leƙa agogo ko sau ɗaya ba. Bayanin da ya ƙi haɗuwa tun watan jiya ya fara haɗuwa, hujja na jawo hujja, har na manta da kaina. Can sai wuyana ya ƙage, na ji zaman ya yi tsawo. Na ɗaga kai na dubi agogon bango: minti 40 da farawa. Na koma shafin, sai ga shi yana nuna saura minti 19 da 'yan sakanni, yana tafiya lafiya lau kamar ba abin da ya faru.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba don mintunan da suka wuce ba, ai aiki na yi a cikinsu. Don dai ranar da na fara sakin jiki da shi, ranar ya ci amanata. Sauran zangunan yau duk a ɗarare na yi su, ido ɗaya kan rubutu, ɗaya kan bango. Layi goma sha ɗaya a takardar leƙe.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na ba da safiyar yau ga neman dalili, kuma na samu.

Burauza, wato manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita, ba ta ba shafin da ke ɓoye irin kulawar da take ba wanda ake kallo. Da gangan aka yi haka, don batir ya daɗe kuma na'ura kada ta yi zafi. Chrome misali, tun fitowarta ta 88 a Janairun 2021, idan shafi ya wuce minti 5 a ɓoye kuma ba ya fitar da sauti, tana iya rage masa damar motsi zuwa sau ɗaya a minti. Tanadi ne mai kyau, kuma an sanar da masu gina shafuka. Kuskuren yana wajen wanda ya gina agogon da na yi amfani da shi.

Iri biyu ne, ashe. Akwai agogon da duk lokacin da burauza ta taɓa shi sai ya cire sakan ɗaya daga abin da ya rage. Wannan in aka daina taɓa shi a kai a kai, sai ya riƙa cire sakan ɗaya a duk minti. Lissafin ya yi daidai da abin da na gani jiya: minti biyar na farko sun tafi daidai, sannan minti 35 suka wuce ya cire sakan talatin da wani abu kacal. Akwai kuma wanda tun da ka danna yake rubuta ƙarfe nawa zai ƙare, duk sanda ya farka sai ya dubi agogon na'urar ya lissafa saura nawa. Shi wannan lambobinsa ba sa ɓacewa, iyakaci ƙararrawarsa ta ɗan makara.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne dalilin da ya sa ban gano aibin ba tsawon kwana goma. Leƙena ne yake rufa masa asiri. Tunda ba na barinsa ya cika minti biyar a ɓoye, bai taɓa shiga barcin ba. Sai da na gyara halina nasa ya bayyana.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ina ganin duk mai son dogara da irin wannan shafi ya yi shi tun ranar farko: saita minti 12, buɗe wani shafi a kansa, kada ka taɓa shi, ka riƙe lokaci da agogon bango. Shafi huɗu na gwada. Biyu sun kaɗa a kan lokaci, ɗaya ya makara da kusan rabin minti, na huɗu shi ne na jiya. A duba ƙara ma. Burauza ba ta barin shafi ya fitar da sauti sai mutum ya taɓa danna wani abu a cikinsa, kuma lasifikar da aka rage jiya da dare ba za ta ƙara kanta da safe ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Buƙatu biyu suka ci karo. Burauza tana so agogon ya kasance a fili kafin ta kula da shi sosai, ni kuma ina so ya ɓace daga idona. Ga yadda na sasanta su: na ciro shafin zuwa tagarsa daban, na ƙanƙanta ta ta koma kamar faɗin tafin hannu, na tura ta kusurwar allo ta ƙasa inda rubutuna ba ya rufe ta. Sannan na yanko 'yar takarda na manna a jikin allon daidai kan lambobin. A wajen kwamfuta shafin a buɗe yake, a wajena a rufe. Maɓallin farawa kaɗai ke leƙowa ta ƙarƙashin takardar.

Don in ga saura nawa, yanzu sai na miƙa hannu na ɗaga takarda da farce. Wannan ɗan wahalar ta isa ta sa in ji kunyar yi. Leƙe biyu yau cikin zango biyar. Shafi uku da rabi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Katsewar da ke zuwa daga waje ta fi wuyar sha'ani, don mutum ne ke tsaye gabanka. Shekaranjiya ina tsakiyar zango ƙanena ya turo ƙofa.

"Yaya, don Allah zo ka duba min wannan lissafin, na kasa gane inda na ɓata."

A da, tashi zan yi, in ma ji daɗin samun hujjar tashi. Na ce, "Na gaggawa ne, ko zai jira ƙararrawar nan ta kaɗa?"

Ya dubi allon, ya ga takarda manne. "Saura minti nawa, Yaya?"

"Ni ma ban sani ba. Amma ba zai kai rabin awa ba. Tana kaɗawa zan zo in same ka."

Ya ce to, ya ja ƙofar. Tana kaɗawa kuwa na tashi na je, ban tsaya ƙarasa ko jimla ba. Wannan ma yana cikin tsarin Cirillo: ka sanar da mutum kana kan aiki, ku tsayar da lokaci, sannan ka koma gare shi kamar yadda ka ce. Na ukun ne ginshiƙi. In ka saɓa sau ɗaya, gobe ba wanda zai jira.

Yau da hantsi na ji tafiyarsa ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Bai ƙwanƙwasa ba. Sai da ƙarar ta tashi ya leƙo da littafinsa.

Talata, 23 ga Satumba

Kusan duk shafin agogon atisaye da na buɗe yana da maɓalli mai suna Tabata, don haka na bi asalinsa kafin in danna. Izumi Tabata masanin kimiyyar motsa jiki ne ɗan Japan, kuma binciken da ya sa sunansa ya bazu ya fito ne a 1996. Tsarin kansa daga wajen Irisawa Koichi ya samo shi, kocin 'yan tseren zamiya a kan ƙanƙara na ƙasar. Sakan 20 na aiki, sakan 10 na hutu, sau bakwai zuwa takwas, duka-duka minti huɗu. An yi gwajin ne a kan keken motsa jiki na tsaye, tsawon mako shida, da samari masu karatun ilimin wasanni.

Abin da maɓallin ba ya gaya maka shi ne ƙarfin da suka yi aikin da shi. Sun taka keken ne a kusan kashi 170 cikin 100 na matakin da jikinsu ke kai maƙura wajen amfani da iskar oksijin, har ya zama a zagaye na bakwai ko na takwas ƙafa ta ƙi. Saboda haka wanda ya saita 20 da 10 yana motsi a hankali, lambobin Tabata ya ara, ba aikinsa ba. Ni ma na san abin da na yi yau bai kai can ba, kuma ban nemi ya kai ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini, ko wanda ya daɗe bai motsa ba, ya ga likita kafin ya tunkari irin wannan.

Da gudu a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa na yi nawa. Zagaye uku na farko na ce ashe abin ba wuya. A na biyar numfashi ya fara fita da ƙara, gumi na ɗiga daga haɓa zuwa ƙasa. A na shida na fahimci ainihin aikin agogon a nan. Sakan 20 ɗin zan iya daurewa ko babu shi. Sakan 10 ɗin ne ba zan taɓa riƙewa da kaina ba. Kana dafe da gwiwa, ba ka gama jan numfashi na uku ba, sai ƙit, ƙit, ƙit, ƙara ta ce tashi. Da ni ke ƙirgawa, goman nan sai ta zama ashirin ban sani ba, kuma da zuciya ɗaya zan rantse goma ce. Aski ya zo gaban goshi a na takwas, na gama, na zauna a ƙasa na yi minti biyu ban iya magana ba.

Da na dawo kan tebur sai na ga ashe ciwon ɗaya ne. Hutun minti 5 nawa ban taɓa saita masa agogo ba, kuma sau da yawa yana kai minti 20. Daga yau hutu ma da ƙararrawarsa.

Litinin, 29 ga Satumba

Makon jiya bai yi kyau ba, kuma gara in rubuta shi yadda yake. Na shiga tseren tara zango. Laraba tara, Alhamis goma sha ɗaya, ina ta jan layi a takarda ina jin daɗin yawansu. Da na duba babin ranar Asabar, shafi biyu kacal ya ƙaru. Ina sauran suka tafi? Wajen gyaran tazarar layi, sauya girman haruffan kanun magana, da jera sunayen manazarta. Duk aiki ne, amma ba shi ne ya tsayar da babin ba. Na riƙa zaɓar mai sauƙi don in tabbatar zangon zai cika ba tare da ya ɓaci ba.

Agogo zama yake aunawa, bai san abin da aka yi a zaman ba. Ba zan ga laifinsa ba. C. Northcote Parkinson ya rubuta a mujallar The Economist a 1955 cewa aiki kan bazu ya cika duk lokacin da aka ware masa, kuma na ga haka da idona: gyaran minti goma ya shimfiɗe ya cinye 25 tunda 25 aka ba shi.

Sabuwar ƙa'ida: ba na danna maɓalli sai na rubuta a takarda abu ɗaya da zangon zai haifar, da kalmomin da za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. "Aiki a kan babi na uku" ba ya shiga. "Rubuta sakin layi biyu kan dalilin zaɓen wannan hanyar tattara bayanai" ya shiga. Ƙananan gyare-gyare kuma na tara su zango ɗaya a ƙarshen yini.

Gwiwar dama ma ta yi ƙorafi, don na yi 20 da 10 kwana huɗu a jere. Na mayar da shi sau biyu a mako.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na tara mintunan motsa jikina na mako na auna su da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Nawa bai kai minti 50 ba. Gajerun zagayen nan suna sa ka ji ka yi abin kirki saboda gumin, amma jimillarsu kaɗan ce.

Na ƙara tafiyar sauri ta rabin awa da yamma, kwana huɗu. Ina saita minti 15 in miƙe, ƙara na tashi in juyo. A nan shafin intanet bai dace ba, don waya tana aljihu a kulle, kuma na riga na ga abin da kullewa ke yi masa. Agogon da ya zo da wayar ya fi, shi yana kaɗawa ko allo a kashe yake. Kowanne da wurinsa: na intanet a kan tebur da kuma zagayen aiki da hutu masu maimaituwa, na waya a kan hanya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Minti 25 ya fara yi min kaɗan a rubutu. Kusan minti goma nake ɗauka kafin kaina ya shiga cikin maganar sosai, sai ina tsakiyar ɗora hujja ƙararrawa ta yanke ni. Sau biyu a makon nan na kashe ta na ci gaba, kuma hakan ya tsorata ni, domin ƙarar da ka saba ƙin ji wata rana ba za ta ƙara tayar da kai ba. Gara in sauya lambar da in koyi raina ƙarar. Ai 25 ɗin ba daga jikin ɗan Adam aka auno ta ba, abin da ya yi wa Cirillo daidai ne. Yanzu rubutu minti 45 da hutun 10, karatu da gyara suna nan a 25.

Na kuma samu maganin dawowa daga hutu. Sophie Leroy, mai bincike kan halayyar ma'aikata, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aikin da bai gama ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa kan maƙale a na baya. A 2018 ita da Theresa Glomb suka nuna cewa ɗan rubuta inda ka tsaya da abin da za ka ɗora a kai yana rage wannan maƙalewar. Don haka ƙara na tashi, sai in rubuta layi ɗaya a ƙasan rubutuna da manyan baƙaƙe. Na ɗazu cewa yake: "SAURA MISALI NA BIYU, SANNAN A NUNA INDA YA SAƁA DA NA FARKO." Na tashi na tsaya bakin taga ina kallon nesa don ido ya huta, kaina wasai, ba jimlar da ke bina. Da na dawo ban yi minti ɗaya ina neman bakin zaren ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kwana biyu ban taɓa agogon ba, mura ta kwantar da ni. Yau zango biyu na 25, ba atisaye. Na sake ƙirga talatin a zuciya ina zaune lafiya, don in gani. Saura sakan ɗaya. A huce ƙirgata daidai take.

Litinin, 20 ga Oktoba

Babi na uku ya kammala da ƙarfe 11 da minti 20 na safiyar yau, shafi 31. A tsakiyar zango ya ƙare. Na sa aya ta ƙarshe, hannuna ya tafi kan 'yar takardar da ke manne a allo, wadda gefenta ya riga ya nannaɗe ya yi baƙi saboda farce, sai na fasa ɗagawa. Na koma farkon babin na fara karantawa a hankali, na tsinci kurakurai huɗu kafin ƙarar ta tashi.

Jiya na maimaita gwajin tokare jiki. Na kai talatin saura sakan huɗu. Har yanzu bakina yana sauri in jiki ya ji wuya, amma tazarar ta ragu daga tara. Zagayen motsi 12 ɗin kuwa yanzu sau biyu nake yi a jere, da hutun minti biyu a tsakani.

Da yamma ƙanena ya zo da kwamfutarsa a hannu. "Yaya, wanne ne cikin shafukan nan ba ya barci?" Na nuna masa, na ce ya yi masa gwajin minti 12 da kansa tukuna. Ya tambayi almakashi ya yanki takarda.

Gobe babi na huɗu. Na riga na rubuta abin da zangon farko zai haifar: jera tambayoyin binciken guda uku, da jadawalin da zai amsa kowacce.